Motar Baba Ce, Ɗa Ke Tuƙi: Yaya Batun Inshora?

Ban da farashin hatsi da na dabbobi, yau muna so mu taɓa wata magana da ta shafi 'yan kasuwa da yawa, watau inshorar motar gida. Sau da yawa uba ne ya sayi mota da sunansa, ƙarfi ya ja baya, yanzu ɗa ke tuƙa ta zuwa Dawanau ko Kantin Kwari. Wani kuwa ɗan ne ya biya kuɗin, amma don ladabi ya sa sunan tsohon a takarda. Muddin ana tafiya lafiya ba mai tambaya. Ran da aka yi karo kuwa, ran nan kamfani zai buɗe takarda ya duba sunan wa ke ciki.

Tun 1945 aka yi dokar da ta tilasta wa mai mota a Nijeriya yankar inshorar da za ta biya wanda ya yi wa ɓarna. A 2025 an yi sabuwar dokar inshora, amma tilas ɗin yana nan daram. Daga 1 ga Janairu 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗin ƙaramar motar gida naira 15,000 a shekara maimakon 5,000, diyyar dukiyar mutane kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Daga 1 ga Fabrairu 2025 'yan sanda suka fara tsananta bincikenta a hanya.

To, a lura, wannan inshora ba ta gyara motar Baba. Wanda kuka buge shi take biya. Mai son a biya shi in motarsa ta ƙone, ko an sace, ko ta ragargaje, sai ya yanki cikakkiyar inshora, wadda hukumar ta ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar mota. Motar miliyan 8 ke nan naira 400,000 a shekara.

Yanzu ku ɗauko takardar ku duba layi biyu. Na farko yana faɗin waɗanda aka yarda su tuƙa. Galibi an rubuta mai inshorar da duk wanda ya ba izini, in dai yana da lasin. Ashe ke nan ɗa mai lasin ya shiga ciki, amma autan gida ɗan shekara 16 da ake aika sayen ƙanƙara bai shiga ba, ko da ya fi kowa iya kan mota, don sai an cika 18 ake ba da lasin. Wata takardar ma sunayen direbobi aka jera, wanda ba sunansa ba ruwan kamfani da shi.

Layi na biyu shi ne aikin da aka yarda motar ta yi, kuma nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami. An yanki inshorar motar gida, ɗa ya fito da asuba, ya ce bari ya ɗebi mutum huɗu zuwa Wudil ya sami kuɗin mai. Wannan kabu-kabu ne, haya ce. In tsautsayi ya gitta kamfani na iya ƙin biya, kuma tsohon da ke zaune a zaure yana jan carbi shi za a zo nema, tun da sunansa ke takarda. A ganinmu ɗan da ya san zai yi haya da motar ubansa, ya gaya wa uban, a je a yanki inshorar haya. Haka kuma in ana cika fom ɗin cikakkiyar inshora aka tambayi wa ya fi tuƙa motar, a faɗi gaskiya, don ɓoye wannan ya isa ya ɓata yarjejeniya.

Sai batun mallaka. Kamfani wanda sunansa ke kan inshora yake biya. In Baba ya ba ka motar kyauta, a sake takardun mallaka, a yanki sabuwar inshora da sunanka. In kuwa Allah ya yi masa rasuwa, motar ta shiga gado, ba ta zama taka ba don kai ke riƙe da makulli. A sanar da kamfani da wuri. In aka sace ta kafin rabo, abin da za a biya haƙƙin magada ne duka, har da mata, kuma za a nemi takardar kotu kafin a saki ko kwabo.

A yi hattara da dillalan bakin ofishin lasin masu ba da takarda da araha. Ana iya buga *565*11# a waya, a sa lambar mota, a ga ko inshorar ta gaskiya ce.

Mun san dattawa da yawa ba su sakin jiki da inshora saboda addini. Hukunci dai mun bar wa malamai. Abin da za mu iya faɗi shi ne a 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful, watau asusun taimakon juna bisa tsarin Musulunci, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yankar ta mota.