Hayar gida a Birtaniya: Landan ko ƙaramin gari?

Duk ma'aikaciyar jinyar da ta samu aiki a Birtaniya, tambayar farko da ke jiran iyalinta ita ce wurin zama. A 2025, matsakaicin kuɗin haya a Landan ya haura fam 2,000 a wata, alhali a arewa maso gabashin Ingila, yankin Sunderland da Middlesbrough, bai kai fam 800 ba.

Gaskiya ne hukumar lafiya ta NHS tana ƙara wa ma'aikatan tsakiyar Landan kusan kashi 20 cikin ɗari na albashi, amma haya kan cinye ƙarin har ta taɓa uwar kuɗin. Shi ya sa wasu iyalai ke cunkushewa a ɗaki ɗaya mai danshi, wanda ke tayar wa yara da asma.

Kafin ku yanke shawara, ku lissafa harajin ƙaramar hukuma, kuɗin ɗumama gida da na sufuri, da kuɗin ajiya da doka ta taƙaita a hayar mako biyar. Ku kuma bincika ko akwai masallaci, naman halal da 'yan'uwa a kusa, domin kaɗaici ma ciwo ne.