Circe: Labarin Allahiyar da Ta Gaji da Dawwama

Circe littafin ƙagaggen labari ne da marubuciyar Amurka Madeline Miller ta fitar a shekarar 2018. Ta gina shi a kan tatsuniyoyin Girkawan dā, waɗanda suka cika sama da teku da koguna da alloli barkatai, masu aure da kishi da gaba kamar mutane, sai dai ba sa tsufa, ba sa mutuwa. An haifi Miller a Boston a 1978, ta karanci Girkanci da Latin a Jami'ar Brown, ta kuma koyar da su a makarantar sakandare. Littafinta na farko, The Song of Achilles, ya ci mata shekara goma kafin ya fito a 2011, ya kuma lashe kyautar Orange a 2012. Circe shi ne na biyu, ya hau saman jerin littattafan da suka fi kasuwa na jaridar New York Times.

Asalin tauraruwar labarin yana cikin Odyssey, doguwar waƙar da ake dangantawa da Homer, wadda masana ke kai tarihinta wajen ƙarni na takwas kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A duk cikin babuka 24 na waƙar, rabon Circe bai taka kara ya karya ba. Matsafiya ce a wani tsibiri, ta mayar da mutanen jarumi Odysseus aladu, shi kuma ya fi ƙarfinta da taimakon wani ganye, ya zauna wurinta shekara guda, ya kama gabansa. Homer bai damu da faɗin dalilin da ya sa mace za ta zauna ita kaɗai tana mayar da maza aladu ba. Wannan giɓin Miller ta shiga, ta haɗo da abin da marubutan dā Ovid da Apollonius suka rubuta a kan Circe, ta bar ta ta ba da labarinta da bakinta.

Circe 'yar Helios ce, allan rana, amma a gidan ubanta ba a ɗauke ta a bakin komai ba. Ba ta da kyan 'yan uwanta, muryarta kuma siririya ce irin ta mutane, har ana hana ta yawan magana. Tana ƙarama aka kawo Prometheus fada aka yi masa bulala saboda ya sato wa 'yan Adam wuta. Da taro ya watse, sai ta lallaɓa ta kai masa abin sha, ta tambaye shi yadda mutum yake. Daga ranar tambayar ba ta sake ta ba.

Soyayyarta ta fari da wani matalaucin masunci ce mai suna Glaucos. Tsoron kada mutuwa ta raba su ya sa ta nemo wasu furanni, ta matsa masa ruwansu a baki, ya tashi ya zama allan teku. Da samun wuri sai ya manta da wadda ta yi masa rana, ya koma neman wata kyakkyawa, Scylla. Kishi ya kwashi Circe ta zuba wa kishiyar magani a inda take wanka, ta rikiɗe ta zama dodo mai kai shida, wadda daga baya ta tare a wani mashigin teku tana cinye matuƙan jiragen ruwa. Circe ta amsa laifinta a gaban kowa, Zeus sarkin alloli kuwa, da ya ga wani iko da bai san kansa ba, ya sa aka kore ta zuwa tsibirin Aiaia har abada.

A wannan tsibiri ne littafin ya fi nauyi. Sauran alloli da ƙiftawar ido suke samun abin da suke so, don haka ba su taɓa koyon komai ba. Sihirin Circe kuwa aikin hannu ne. Sai ta shiga daji ta tono saiwa, ta shanya, ta daka, ta tafasa, haɗin ya lalace, ta zubar ta sake. Ta yi shekaru tana kuskure kafin hannunta ya faɗa, zakanya na kwance a bakin murhunta. Miller ta tsaya a kan wannan wahala da gangan, domin a nan ne Circe ta fara gane abin da ya ja ta ga mutane: su ma da gumi suke samun gwaninta, kuma suna yi ne suna sane da cewa kwanansu ƙidayayye ne. Shi ya sa Daedalus, gwanin masassaƙin da ta haɗu da shi a Crete lokacin da ta je karɓar haihuwar 'yar uwarta Pasiphae, ya shiga ranta fiye da duk wani mai walƙiya a sama. Hannuwansa duk tabo ne. Ya ba ta kyautar masaƙa, ya mutu, ita kuma ta ci gaba da saƙa a kanta ɗaruruwan shekaru.

Batun aladun ma ya sami dalili, kuma mai ɗaci ne. Wasu matuƙan jirgi sun sauka a tsibirin da yunwa, ta ciyar da su, da suka tabbatar babu namiji a gidan sai shugabansu ya yi mata fyaɗe. Tun daga nan duk ayarin da ya zo da mugun nufi a garke yake ƙarewa. Odysseus ya iso a makare, bayan an wuce rabin littafin, kuma ba a yi masa kwalliya ba: mai wayo ne, mai daɗin hira, amma yaƙin Troy ya cinye masa wani abu a zuciya. Ya tafi bai san ya bar ta da ciki ba.

Wanda ya ɗauki littafin yana jiran labarin masoya biyu daga bango zuwa bango zai ga an saɓa masa, domin mazan suna zuwa ne suna wucewa. Ƙaunar da ta fi girgiza Circe ita ce ta ɗanta Telegonus, jariri mai kukan tsiya, wanda allahiya Athena ke neman ransa. Shekara goma sha shida ta yi tana riƙe da wani sihiri da ya lulluɓe tsibirin don ta kare shi. A nan ta ɗanɗani fargabar da kowace uwa ta sani, abin da danginta na sama ba su da labarinsa.

Ƙarshen labarin ya samo tushe daga Telegony, wata tsohuwar waƙar Girkawa da ta ɓata, sai taƙaitaccen bayaninta ya rage. Telegonus ya tafi Ithaca neman ubansa, aka yi rashin fahimta a bakin teku, Odysseus ya mutu da dafin mashin ɗansa. Yaron ya dawo tare da Penelope, matar mamacin, da ɗanta Telemachus. Zaman matan biyu a gida ɗaya, kowace tana auna 'yar uwarta a gaban masaƙa, yana cikin wurare mafi daɗi a littafin. Wasu sassan na tsakiya, kamar ziyarar Medea da Jason, sun fi kama da zagayen gaishe da sanannun tatsuniyoyi.

Athena ta yi wa Telemachus tayin kafa sabuwar daula da suna mai ɗorewa, ya ce ba ya so, Telegonus ya karɓa. Telemachus, mutumin nan mai gyaran shinge da jirgi, wanda bai damu a yi masa waƙa ba, shi Circe ta so a ƙarshe. Tare suka je ta kawo ƙarshen Scylla, ta sauke nauyin rayukan da kishinta ya jawo. A tsohuwar waƙar Telegony, Circe ce ta ba Telemachus da Penelope dawwama. Miller ta juya zancen: Circe ta koma ga furannin nan da ake cewa suna fito da ainihin halittar wanda ya sha, ta hango kanta da furfura da 'ya'ya mata da kabari, ta haɗa maganin, kuma littafin ya rufe a daidai lokacin da ta kai ƙwaryar bakinta.