Alama da Sakamako: Yadda Sabo Ke Kama Rai a Ƙasar Gobir

Masana halayyar ɗan Adam sun rarrabe hanyoyi biyu da mutum ko dabba ke bi wajen ɗaukar sabo. Ta farko ita ce danganta alama da abin da ke biyo bayanta, wadda Ivan Pavlov na Rasha, mai kyautar Nobel ta 1904, ya bi diddiginta bayan ya lura karnukansa na dalalar da miyau da zarar sun ji motsin mai kawo abinci. Ta biyu ita ce koyo ta sakamako, wato halin da lada ya biyo bayansa yakan yawaita, wanda ya jawo wahala kuma yakan ragu, kuma B. F. Skinner na Amurka ne ya shimfiɗa ƙa'idojinta a littafinsa na 1938.

Mai horar da shanun huɗa a garin Bafarawa yana aiki da hanya ta biyu ko da bai san sunanta ba, kuma abin da ya fi tasiri a aikinsa shi ne kusancin lokaci. Idan sa ya juya daidai a ƙarshen kunya aka sassauta masa igiya nan take, zai gane abin da ake so; amma dusa da kanwar da aka ba shi bayan magariba ba za su koya masa juyi ba, domin tazarar ta yi yawa. Haka kuma lada ba ya aiki sai da buƙata, tunda dabbar da ta ƙoshi ba ta damu da harawa ba. Bulala kuwa, wadda ake yawan zuzuta amfaninta, takan dakatar da kuskure ne kawai ba tare da nuna daidai ba, sau da yawa ma sai ta sa sa ya tsani karkiyar kanta.

Hanya ta farko ta fi bayyana a wani al'amari mai ɗaci. Tun wajajen 2019 hare-haren 'yan bindiga, waɗanda galibi kan zo a ayarin babura, suka addabi yankunan Isa da Sabon Birni har dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi, sai ƙarar babur, wadda a da take nufin ɗan kabu-kabu ko baƙo, ta koma alamar tashin hankali. Wani masanin halayya, Robert Rescorla, ya nuna a 1968 cewa ƙarfin alama ya dogara ne da yadda take hasashen abin da zai faru, ba yawan haɗuwarsu kawai ba. Tsananin abin shi ma yana da nasa rabo, domin firgita mai tsanani sau ɗaya tak kan isa ta dasa sabon da horo na watanni ba zai dasa ba, sannan tsoron yakan bazu zuwa duk sautin da ya yi kama da na farko, har da na injin niƙa.

A nan ne hanyoyin biyu ke haɗuwa. Sabo irin wannan yakan dushe idan alamar ta yi ta maimaituwa ba tare da wani mugun abu ya biyo baya ba, amma yaron da ke rugawa ya ɓuya duk lokacin da ya ji babur yana samun sauƙin zuciya nan take, wannan sauƙin kuwa lada ne da ke ƙarfafa gudun, ya kuma hana shi ganin cewa a wannan karon babu komai. Shi ya sa masu jinyar firgici ke sa mutum ya fuskanci alamar sannu a hankali a wuri mai aminci, sharaɗin da ba ya cika muddin harin bai tsaya ba. Ko bayan dushewar ma, Pavlov ya lura cewa sabon da aka zaci ya mutu kan iya farfaɗowa bayan an ɗauki lokaci, don haka jinyar takan buƙaci maimaici a wurare da lokuta dabam-dabam.