Ba Kowane Itace Ne Na Gasa Nama Ba

Duk shekara idan Babbar Sallah ta matso, mu matasa ake aika nemo itace. Rago na baba ne, wuƙa ta mahauci, kaskon suya na su umma, amma wutar da za a kanga nama a gefenta a hannunmu take. Yawancinmu kuwa abin da muka ci karo da shi muke kwasowa: reshen darbejiya, karyayyen benci, har da leda don wuta ta yi saurin kamawa. Daga baya a ji nama yana ɗaci, a ɗora wa rago laifi.

Masu tsire da balangu, da masu bandar kifi a bakin dam ɗin Kazaure, sun san hayaƙi ma kayan haɗi ne kamar gishiri da yaji. Nama yana da danshi da maiƙo, don haka duk abin da ke cikin hayaƙi manne masa yake yi, mai daɗi ko mai cutarwa. Abin da suke nema shi ne itace mai nauyi da tauri, wanda zai ci a hankali ya bar garwashi. Garwashi ke gasa nama har ciki. Harshen wuta baya kawai yake babbakewa.

A ƙasarmu, daga duwatsun Roni zuwa gonakin Gwiwa da Babura, itatuwa biyu ne suka yi suna a wannan aiki: marke da ƙirya. Marke yana ci ba tartsatsi, hayaƙinsa kaɗan ne, garwashinsa kuma yana daɗewa bai zama toka ba. Ƙirya ta fi shi zafi. Ita ce gawayin maƙera tun kaka da kakanni, kuma da ita ake sassaƙa turmi da taɓarya saboda taurinta. Itacen da ke narkar da taurin ƙarfe, ka ga cinyar rago ba za ta gagare shi ba, sai dai a ja naman nesa kaɗan kada ya ƙone. Tsamiya ma tana da garwashi mai kyau, amma ba a cika sare ta ba. Wasu don kunu ne, wasu kuma, mu faɗi gaskiya, tsoron iskokin da ake cewa suna zama a kanta ne ya hana su.

Ba mu kaɗai ke wannan zaɓe ba. A jihar Teksas ta Amurka, masu gashin naman sa sukan kwana suna gasa ƙirjin sa da wani nau'in itacen oak, domin hayaƙinsa ba ya danne ɗanɗanon nama. Oak ba ya fitowa a nan. Amma ɗaya itacen da suke ji da shi, meskit, ɗan uwan ƙiryarmu ne a lissafin masana tsirrai.

Darbejiya ce ta fi yawa a garuruwanmu, ita muka fi saurin samu. Daga Indiya aka kawo ta zamanin Turawa, ta kuma yi mana rana wajen inuwa. Sai dai ɗacin nan da muka sani a ganyenta yana cikin ɓawonta, musamman idan ɗanya ce. In dole ce ta sa, a bari ta bushe sosai, ta zama garwashi kafin a kawo nama. Tumfafiya kuwa a nisance ta, farin ruwanta guba ne, ko ido ya shiga sai an yi jinya. Kuka ba ta da amfani a murhu, cikinta kamar soso yake.

Ko marke ne, in ɗanye ne ya ɓata aiki. Itacen da aka sare yau, kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Wuta sai ta ƙarar da ƙarfinta wajen ƙafar da ruwan, ta yi ta tuƙar farin hayaƙi mai kauri da ke sa nama baƙi da bauri. Gwajin ba wuya: haɗa guda biyu ka ƙwanƙwasa. Busasshe yana ƙara ƙwal, ɗanye kuwa sai ka ji dim.

Inda magana ta wuce ta ɗanɗano shi ne katako mai fenti, da wanda aka shafa wa maganin gara, da leda, da tsohuwar taya da wasu ke babbake kai da ƙafa da ita. Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwar yara. Hayaƙin taya da roba yana ɗauke da sinadaran da likitoci suka danganta da ciwon daji, kuma wanki ba ya fitar da su duka. Ko da itace mai kyau ne, idan kitse yana ɗiga kan wuta tana tashi, irin waɗannan sinadarai na samuwa. Shi ya sa masu tsire ke kafa tsinkensu a kewayen wuta, ba a kanta ba.

Matsalar ita ce marke da ƙirya suna ƙarewa. Taurin da ya sa muke son su shi ne ya sa ba sa saurin girma: abin da gatari ya kayar a yini ɗaya, sai an yi shekaru masu yawa kafin a ga madadinsa. Jigawa na cikin jihohi 11 na Najeriya da shirin Babbar Katangar Bishiyoyi ya shafa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 don tare hamada. A ganinmu, naman rago ɗaya bai kai a kayar masa da bishiya ba. Busassun rassa da abin da aka sassabe a gona sun isa, in an fara tarawa da wuri.

Ƙungiyoyin dashen bishiya na makarantu sun fi shuka darbejiya da turare don saurin girmansu. Ƙirya ma tana shukuwa. Irinta ne ke da taurin ɓawo, sai an zuba masa ruwan zafi an bar shi ya kwana a ciki kafin a binne a leda, a dasa idan damina ta zauna.