Zaɓen Manhajar Tafiyar da Shafin Intanet

Tun da Gombe ta zama hedkwatar jiha a ranar 1 ga Oktoba, 1996, ofisoshi da makarantu da kantuna suka yawaita a cikinta, kuma da yawansu suna bukatar shafin intanet. Manhajar tafiyar da shafi ita ce ke bai wa ma'aikaci damar sa labari ko hoto ba tare da ya nemi injiniya ba.

Uku daga cikin waɗanda suka shahara kyauta ake samunsu: Drupal, wadda ta fito a 2001, da WordPress a 2003, da Joomla a 2005. Kowa ya zaɓa gwargwadon aikinsa. Mai kanti ko ƙaramar makaranta, WordPress ta ishe su, domin tana da sauƙin koyo, kuma ana iya haɗa mata WooCommerce don ciniki. Wuri mai sassa da yawa, irin jami'a ko babban asibiti, Drupal ta fi dacewa da shi, domin tana ƙayyade wa kowane ma'aikaci iyakar abin da zai taɓa.

Kafin a yanke shawara, a tabbata manhajar tana fitar da ɓ, ɗ da ƙ daidai, shafin yana buɗuwa da sauri a wayar hannu, kuma akwai mai gyara a cikin gari.

Daga ƙarshe, rajistar sunan shafin da kalmomin sirri su kasance a hannun mai shi. Wanda ya bar su wurin ɗan kwangila, ranar da suka rabu, shafin ma ya tafi.