Yadda Ake Ƙidaya Kifin Cikin Ruwa

A kasuwar Katsina muna sayen kifi iri biyu. Akwai na ƙasarmu, ɗanye ko banda, wanda ake kamawa a Zobe, ko Jibiya, ko Ajiwa. Akwai kuma na ƙanƙara, wanda manyan motoci ke kawowa daga Ikko. Shi wannan daga teku ya fito, watau babban ruwan gishirin nan da ba a hangen ƙarshensa. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba, amma mun ci kifinsa.

Mukan ji mutane suna cewa kifi ba ya ƙarewa, tun da Allah ne ke zuba shi cikin ruwa. Gaskiya ne Allah ya halicce shi. Amma shanu ma ai Allah ya halicce su, ga shi kuwa Bafillace yakan ƙirga garkensa kullum yamma. In ya ga babu maruƙa bana, ya san baɗi garke zai ragu. To, kifi ma haka yake. Wuyar abin ita ce shi ba a ganinsa, balle a tsaya a bakin shinge a ƙirga.

Ga dabarar da masu bincike ke yi. Da fari sai su zaga bakin ruwa ƙauye ƙauye, su rubuta yawan masunta, da jirage, da kayan su, watau taru da koma da birgi da mamari. Sa'an nan su zaɓi waɗansu mashigai, su sa malami ya zauna can da ma'auni da littafi. Jirgi ya fito, sai ya ware kifin iri iri: ga tarwaɗa, ga karfasa, ga kurungu, ga giwan ruwa. Ya auna nauyin kowane iri, ya gwada tsawon waɗansu, ya rubuta. Ba kowane jirgi ake aunawa ba. In an san abin da jirgi goma suka kamo a yini, an kuma san jirage nawa ke kan ruwan, sai lissafi ya ba da sauran. Kamar mai sayen gero ne, da ke zura hannu cikin buhu ya ɗebo kaɗan ya duba.

Gwada tsawon nan kada mu raina shi, don shi ne ya fi faɗin gaskiya. In bara yawancin karfasar da ake kamawa ta kai taƙi guda, bana kuwa sai mai tsawon yatsa, to, an cinye iyaye an koma kan 'ya'ya ke nan. Kifin da aka kama bai yi ƙwai ko sau ɗaya ba, an kashe shi tare da dubban da zai haifa.

An gwada wannan aiki a ƙasarmu. A 1968 aka gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara, ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da mil 80, tun daga wajen Sabuwar Busa har Yawuri. Ciyawa da itatuwan da ruwa ya ci suka ruɓe suka zama abinci, kifi ya yi yawa ƙwarai. Masunta suka yi ta kwararowa, Sarkawa da waɗansu. Masu bincike suka lissafta cewa a 1971 an kama fiye da ton 28,000. Ton ɗaya kuwa nauyin buhu goma ne na kilo ɗari ɗari. A 1978 abin da aka kama bai kai ton 5,000 ba. Ƙoshin sabon ruwa ya wuce, ga jirage sun yi yawa, ga raga mai ƙananan idanu.

A 1993 Nijeriya da Jamus suka haɗa hannu suka soma ƙidaya a tafkin kowace shekara. Suka tarar akwai wani dogon taru da ake kira dala, wanda ake ja zuwa gaɓa don kama warangi. Warangi ƙaramin kifi ne tun asali, ba ya girma. Amma idon dala ƙanana ne ƙwarai, yana kwaso 'ya'yan manyan kifaye tare da shi. Da aka nuna wa hukuma da sarakuna abin da littafi ya nuna, aka hana aiki da dala. Masu shi ba su ji daɗi ba, don sun zuba kuɗi a ciki, hanin kuma bai kankama dare ɗaya ba.

A teku aikin ya fi haka wuya, gama zurfi ya yi yawa. Can sai da jirgin bincike mai na'urar da ke aika ƙara cikin ruwa. Ƙarar ta bugi garken kifi sai ta komo, kamar yadda muryarmu ke komowa in mun yi magana cikin rijiya. Da haka ake gane yawan garken da zurfin da yake. Akan kuma ja taru a ga ko wane iri ne, a rubuta har da kunkurun teku da jatan lande. Nijeriya tana da ma'aikatar binciken teku a Ikko tun 1975.

Ƙidaya ma tana kuskure. A gaɓar gabas ta ƙasar Kanada akwai wani kifi da ake kira kod, an yi shekara wajen ɗari biyar ana kamunsa. Da manyan jirage masu inji suka zo, kifin ya soma raguwa. Amma shi kod in ya ragu sai sauran su taru wuri guda, jiragen kuwa suna bin su da na'ura, suna cika taru kamar da. Masu lissafi suka ga kamu bai ragu ba, suka ce kifi na nan. Ƙananan masunta na bakin gaɓa suka yi ta cewa kifi ya ƙanƙance, ya kuma yi wuyar samu. Ba a saurare su ba. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum wajen 30,000 suka rasa sana'a. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma kaɗan kaɗan.

Iyayenmu ba su da ma'auni, amma sun san a bar ruwa ya huta. A Argungu ba a su a Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa ne ke tsaron wurin. Shi ya sa ake fid da giwan ruwan da mutum ɗaya ba ya iya ɗauka.

Mu nan jihar Katsina ruwanmu kaɗan ne, madatsai ne kawai da tafkuna, irin Zobe da aka gama a 1983 kusa da Dutsin-Ma. Ƙaramin ruwa kuwa ya fi saurin ƙarewa. Mutum ɗaya da gidan sauro, ko da maganin ƙwari da ya zuba cikin ruwa, sai ya ɓata kamun ƙauye duka. Masuncin da ya iya rubutu yana iya yin nasa littafin da kansa. Ya ja layi huɗu: ranar wata, irin kifi, guda nawa, tsawon babban cikinsu. Ya yanki kara mai tsawon taƙi ya ajiye cikin jirgi don gwaji. In rani ya zagayo, ya buɗe shafin bara ya kai wa Sarkin Ruwa su duba tare.