Lilo da Hajijiya

Uwargida, in za ki kai yara wurin wasa da Sallah, kuma kin san kina amai a mota, to lilon nan mai juyawa ya fi mota wahalarwa. Akwai wani ruwa can cikin kunne da ke sanar da ƙwaƙwalwa motsin jiki. In saƙonsa ya saɓa da abin da ido ke gani, sai jiri da tashin zuciya su taso.

Kada ki hau da yunwa, kada kuma ki cika ciki da soyayyen nama. Ki kafa ido kan abu guda mai nisa, ki tauna 'yar citta. Maganin hana amai tun kafin a hau ake shan sa, sai dai yakan sa barci, ga ki da yara a hannu. Mai juna biyu kam, ta tsaya ƙasa ta riƙe musu takalma.